Kitsen Da Ke Magana: Leftin, Kumburin Ɓoye Da Ciwon Gwiwa A Kudancin Kaduna

Duk wanda ya taɓa zama a bencin jiran likita a babban asibitin Kafanchan, ko a asibitin St. Louis da ke Zonkwa, ya san irin tafiyar. Mace ce mai shekara hamsin da 'yan kai, jiki ya cika, tana dafa bango tana dafa gwiwa, sai ta ja dogon numfashi kafin ta zauna. Nas ta leƙo ta ce, "Mama, yaya ƙafar?" Ita kuwa ta ce, "'Yata, da godiya, amma sanyin nan ya hana ni barci."

Idan aka buɗe katinta, ba gwiwar kaɗai ba ce. Akwai hawan jini, akwai suga da ya fara leƙowa. Ita a ganinta cututtuka uku ne daban-daban: gwiwa daga sanyin duwatsun Kagoro da wahalar gona, hawan jini daga tunanin 'ya'ya, suga kuwa gado ne.

A bencin nan dai, can ƙarshe, akwai wata ƙaramar uwa da ta taso daga ƙauye tun asuba, rungume da yaro ramamme. Gudawa ta tafi tari ya zo, tari ya tafi zazzaɓi ya dawo. Ba wanda zai kalli wannan yaro da waccan baiwar Allah ya ce akwai abin da ya haɗa su. Amma binciken likitanci na shekaru talatin da suka wuce ya nuna akwai: wani sinadari da kitsen jiki ke zubawa cikin jini, mai suna leftin. A jikinta ya yi yawa, a jikinsa ya kusa ƙarewa, kuma kowannensu garkuwar jikinsa ce ke ɗanɗana kuɗar hakan.

Ɓeran da ba ya ƙoshi

Labarin ya faro ne a 1949, a cibiyar bincike ta Jackson da ke jihar Maine a Amurka, inda aka haifi wasu ɓeraye masu ci ba ƙoshi, har nauyinsu ya ninka na 'yan'uwansu kusan sau uku. Wani masani mai suna Douglas Coleman ya yi wani gwaji mai ban mamaki a wajajen 1970: ya ɗinke jikin ɓera mai ƙiba da na lafiyayye, yadda jininsu zai riƙa gauraya. Sai mai ƙibar ya rage ci, ya fara ramewa. Coleman ya ce lallai akwai wani abu a jinin lafiyayyen da ke faɗa wa ƙwaƙwalwa "ya isa haka", wanda ɗayan ya rasa.

An yi shekaru fiye da ashirin ana neman abin. A watan Disamba na 1994 Jeffrey Friedman da abokan aikinsa a Jami'ar Rockefeller ta birnin New York suka gano shi, suka kuma gano inda yake fitowa: daga ƙwayoyin kitse. Kafin nan, likitoci na ɗaukar kitse a matsayin ajiya kawai, abin da ba ya motsi ba ya magana. Sai ga shi yana aika wa ƙwaƙwalwa rahoton yawan abincin da jiki ya tara. Kitse ya ƙaru, leftin ya ƙaru. Kitse ya ragu, ko mutum ya kwana biyu bai ci ba, leftin ya faɗi.

Duniya ta ɗauka an samu maganin ƙiba. Kamfanin Amgen ya biya dala miliyan 20 don mallakar haƙƙinsa. A 1997 Stephen O'Rahilly da Sadaf Farooqi na Jami'ar Kambirij a Ingila suka samu wasu yara biyu 'yan asalin Pakistan da aka haifa jikinsu ba ya yin leftin ko kaɗan, masu yunwar da ba ta ƙarewa. Da aka fara yi wa irin waɗannan yara allurarsa, cin ya daidaita, ƙibar ta sauka.

Sai dai irin waɗannan yara ƙalilan ne a duniya. Da aka gwada allurar a kan masu ƙiba na yau da kullum a 1999, sakamakon bai taka kara ya karya ba. Dalili kuwa shi ne su ba rashin leftin ke damunsu ba. Jininsu cike yake da shi, ƙwaƙwalwar ce ta daina jin saƙon yadda ya kamata.

Sojojin jiki ma suna sauraro

A nan ne maganar ta juya zuwa abin da ya shafe mu. A 1998 wasu masu bincike a Landan, cikinsu da Graham Lord da Giuseppe Matarese, suka hana ɓeraye abinci na kwana biyu. Kamar yadda aka sani, garkuwar jikinsu ta yi rauni. Amma da suka ba wasu daga cikin mayunwatan allurar leftin, ba tare da ba su abinci ba, raunin bai samu ba. Wato sojojin jiki su ma suna sauraron rahoton kitse kafin su san ko za su fita yaƙi.

Abin yana da ma'ana. Yaƙi da cuta aiki ne mai cin ƙarfi: zazzaɓi, ƙera sabbin ƙwayoyin jini, gyaran rauni. Jikin da ya ji ajiyarsa ta yi ƙasa yakan tsuke bakin aljihu, ya rage haihuwa, ya rage girma, ya rage tsaro.

Daga baya aka ga cewa ƙirar leftin ta yi kama da ta wasu sinadarai da sojojin jiki ke kiran juna da su, musamman wanda ake kira IL-6. Kusan kowane irin farin ƙwayar jini yana da wurin karɓar leftin a jikinsa. Idan leftin ya sauka a kan manyan ƙwayoyin da aikinsu haɗiye ƙwayar cuta ne, waɗanda ake kira makrofaj, sai su ƙara zubo IL-6 da TNF, sinadaran da ke kunna kumburi. Yana ƙara wa ƙwayoyin T masu kai hari kuzari, yana kuma danne 'yan'uwansu masu aikin tsawatarwa, waɗanda ke cewa a tsaya idan an gama da abokin gaba.

Wutar ƙaiƙayi

Kumburin da muka sani shi ne na maruru ko targaɗe: wuri ya tashi, ya yi ja, ya yi zafi, ya yi zogi, bayan 'yan kwanaki ya sace. Wannan kumburi alheri ne, da shi jiki ke kashe cuta ya ɗinke rauni.

Akwai kuma wani iri da ido ba ya gani. Ba zazzaɓi, ba ja, sai ɗan tashin sinadaran kumburi a cikin jini wanda ba ya sauka, shekara da shekaru. Wutar ƙaiƙayi ke nan, sama toka, ƙasa tana ci.

A 1993 Gökhan Hotamisligil da abokansa a Boston suka nuna cewa kitsen ɓeraye masu ƙiba yana fitar da TNF, kuma hakan na hana insulin aikinsa na shigar da suga cikin tsoka. A 2003 masu bincike a Jami'ar Kolumbiya suka ƙirga, suka ga cewa a kitsen mai ƙiba sosai, makrofaj kan kai kusan kashi 40 cikin ɗari na ƙwayoyin da ke wurin, alhali a na siriri ba su wuce kashi 10 ba. Ƙwayoyin kitse sun kumbura sun gaji, wasu suna mutuwa, sojoji sun taru a kansu, leftin na ƙara kiran wasu. Kumburin shi ma yana sa kitse ya ƙara fitar da leftin. Haka abin ke zagayawa.

Ba duk kitse ne ɗaya ba. Wanda ya taru a cikin ciki, ya naɗe hanji da hanta, wato tumbi, ya fi na cinya da ɗuwawu haɗari, don abin da yake fitarwa hanta yake fara wucewa kai tsaye. Shi ya sa namiji mai siraran ƙafafu da teɓa a gaba bai tsira ba, ko da sikeli bai nuna nauyi mai yawa ba.

Hawan jini ma yana da hannun leftin a ciki. Ƙwaƙwalwar da ta daina jin saƙonsa na ƙoshi ba ta daina jin ɗaya saƙon ba, wanda ke zaburar da jijiyoyin da ke matse hanyoyin jini da sa ƙoda riƙe gishiri. Ga masu juna biyu kuwa, mabiyiya ma tana yin leftin, kuma an sha samun sa ya hau sosai a jinin matan da hawan jinin ciki ya kama, wanda kan kai ga jijjiga.

Yatsu ba sa ɗaukar nauyi

Mu koma kan gwiwa. Tsohon bayani shi ne nauyi ke cinye guringuntsi, kuma gaskiya ne: kowane kilo ɗaya da ya ƙaru a jiki, gwiwa na jin kamar kilo huɗu a kowane taku. Amma likitoci sun daɗe da lura da wani abu da wannan bayani bai warware ba. Masu ƙiba sun fi kamuwa da amosanin gaɓɓai har a yatsun hannu, yatsun da ba a tafiya a kansu.

A 2003 wasu masana a birnin Nansi na Faransa suka zuƙo ruwan gwiwar masu amosani suka auna, suka samu leftin a ciki, kuma yawansa na tafiya da ƙibar mai gwiwar. Bincike na baya ya nuna leftin na sa ƙwayoyin guringuntsi su fitar da sinadaran da ke narkar da guringuntsin kansa. Ashe gwiwar Mama daga waje nauyi ke danna ta, daga ciki kuma kumburi ke zaizayar ta.

Akwai kuma abin da ya sa bencin ya fi cika da mata. Ko da nauyinsu da tsawonsu ɗaya, leftin ɗin mace kan ninka na namiji sau biyu zuwa uku. Wani bincike da Jami'ar Loyola ta Amurka ta jagoranta a 1998 ya auna jinin baƙar fata a Najeriya da Jamaika da Amurka. Leftin ya fi ƙasa a Najeriya, ya fi sama a Amurka, yana bin yawan kitsen kowace al'umma, kuma ko'ina mata ne a gaba. Asali ɗaya, cima da zaman rayuwa suka raba.

Abin da ya canja a gida

Kafanchan gari ne da jirgin ƙasa ya raina tun 1927, lokacin da ya zama mahaɗar layin dogo daga Fatakwal zuwa Kaduna da Jos. Iyaye da kakanni a ƙasar Fantswam, Bajju, Atyap, Ham, Kagoro, Kaninkon da Hausawa da Fulanin Jama'a, ƙafa ce motarsu. Gona a ƙafa, kasuwa a ƙafa, rafi a ƙafa. Abincinsu acca ce, dawa, gwaza, doya, wake, faten da aka cika da rama da yakuwa da gauta, miyar karkashi da ayoyo.

Yau daga bakin ƙofa ake tsayar da babur ko keke-napep. Ma'aikaci da mai shago da mai POS wuni suke a zaune. Acca, wadda a nan ake noma ta, ta zama abincin mai hali ko na wanda likita ya ce suga ya kama shi, don surfenta da wahala, kuɗinta da tsada. Abin da ke da sauƙi shi ne burodi, taliyar leda, farar shinkafa, soye-soye da lemon kwalba. A wajen biki, ko na coci ko na suna, ba a cewa an karrama baƙo sai an ajiye masa kwalba. Masu shan giya da burkutu kuma nasu tumbin daban.

Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan Najeriya masu shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya wuce ƙima, kuma abin ya fi yawa a birane. Gwamnatin tarayya ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon zaƙi a dokar kuɗi ta 2021. Masu fafutukar lafiya na cewa ya yi kaɗan, kamfanoni na cewa ya yi yawa. A ganina naira goma ba ta hana kowa shan komai a Najeriyar yau.

Sha-ka-fashe

Wani ɓangaren matsalar kuwa mu muke neman ta da kuɗinmu. A al'adarmu jiki alamar hutu ne. Amarya ta yi wata uku a ɗaki ba ta murje ba, sai a fara tambayar ko mijin ba ya ciyar da ita. Wanda ya rame a yi masa kallon mai ɓoye wata cuta. Matan da ke neman ƙiba ba wauta ce ke damunsu ba, gudun bakin mutane ne, kuma duk wanda zai yi musu wa'azin lafiya ya fara sanin wannan.

Daga nan ake faɗawa hannun ƙwayoyin ƙiba da ake kira sha-ka-fashe, waɗanda galibi deksametazon ne, wani lokaci haɗe da maganin buɗe ciki. Deksametazon magani ne mai daraja a hannun likita. A hannun mai neman jiki kuwa, yana tara kitse a ciki da fuska da ƙeya, yana siranta tsoka da ƙashi, yana tayar da suga da hawan jini, yana ƙara leftin, sannan ya danne garkuwar jiki. Wadda ta daɗe tana sha kuma kada ta yanke shi dare ɗaya, hakan na iya kai ta ga suma ko abin da ya fi haka. A hankali likita ke rage shi.

Mai ciwon gwiwa ma nata haɗin ake yi mata a kemis: diklofenak, ibufurofen, sau da yawa da ƙwayar sitiroyid a ciki. Zogin ya lafa, gobe a koma. Bayan shekaru sai gyambon ciki da ciwon ƙoda su biyo baya, kumburin da ke cin gwiwar kuma yana nan, don ba a taɓa tushensa ba.

Yaron da ke ƙarshen benci

A ƙasar da ƙiba ke ƙaruwa, binciken 2018 ɗin nan ya nuna kusan kashi 37 cikin ɗari na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuwa sun haura rabi. Kudancin Kaduna ƙasa ce mai albarkar ruwa da noma, amma hare-haren da suka raba mutane da gonakinsu a Zangon Kataf, Kaura, Kauru da Kajuru, da annobar da ta cinye citta a 2023 a Kachia, Jaba, Kagarko da Jama'a, da tsadar abinci, sun taɓa tukunyar gidaje da yawa.

A asibitin Mulago da ke Kampala a Yuganda, masu bincike sun auna sinadarai masu yawa a jinin yaran da aka kwantar saboda tamowa mai tsanani. A sakamakon da suka fitar a 2014, abin da ya fi nuna yaron da ke cikin haɗarin mutuwa shi ne ƙarancin leftin. Kitsensa ya ƙare, rahoton ya daina zuwa, sojojin jiki sun kwanta. Shi ya sa gudawar da lafiyayyen yaro zai warke daga ita cikin kwana uku take tafiya da mai tamowa.

A Bangaladash an gano cewa yaran da suka gaji wani ɗan bambanci a wurin karɓar leftin sun fi saurin kamuwa da atunin amiba. A masu tarin fuka ma, waɗanda rama ke cinyewa, an sha samun leftin a ƙasa. Abin da kakanninmu suka sani, cewa yunwa ce ke buɗe wa cuta ƙofa, yanzu an ga ɗaya daga cikin hanyoyin da take bi.

Inda masana suka sha bamban

Ba kowane masani ne ya yarda a ɗora wa leftin laifin komai ba, kuma suna da hujja. Yawancin gwaje-gwajen da suka fi ƙarfi a kan ɓeraye aka yi su. Ɓeran da ba shi da leftin ba ya saurin kamuwa da cututtukan da garkuwar jiki ke juyowa ta ci mai ita, amma a mutane masu amosanin jini na rumatoyid sakamakon ya rarrabu: wasu bincike sun ga alaƙa, wasu ba su gani ba. Kitse kuma ba leftin kaɗai yake fitarwa ba. Akwai adifonektin, mai kwantar da kumburi, wanda ke raguwa idan ƙiba ta ƙaru, akwai wasu da dama.

Har yau babu maganin toshe leftin da ake ba masu kumburi. Allurarsa da Amurka ta amince da ita a 2014, metreleftin, ta masu wata cuta ce da ba kasafai ake ganinta ba, wadda jiki ke rasa kitse gaba ɗaya. Saboda haka duk mai tallan "maganin gyara leftin" a Facebook ko WhatsApp, kuɗinka yake so. Gwajin leftin ma ba ya cikin abin da likita ke bukata don ya duba mai ƙiba ko mai tamowa.

Abin da ke aiki

A ƙasar citta dole a yi tambayar citta. Akwai sinadarai a cikinta masu rage kumburi, kuma gwaje-gwaje a kan masu ciwon gwiwa sun nuna ɗan sauƙin zogi, kaɗan ne amma akwai shi. Shayin citta da aka zuba wa cokali huɗu na suga da madarar gwangwani kuwa, abin da ya bayar da dama ya karɓe da hagu.

Hujja mafi ƙarfi tana wajen rage nauyi da motsa jiki. A wani gwaji da Jami'ar Wake Forest ta Amurka ta fitar a 2013, an bi mutum fiye da 450 masu ƙiba da ciwon gwiwa na wata 18. Waɗanda suka haɗa gyaran cima da motsa jiki sun sauke kimanin kashi 11 cikin ɗari na nauyinsu, IL-6 ya ragu a jininsu, zogin ya sauka da kusan rabi. Ga mai kilo 90, maganar kilo goma ake yi, a cikin shekara ɗaya da rabi.

Ba abu ne mai sauƙi ba, kuma leftin ɗin ne ke ƙara wahalar. Da zarar kitse ya fara raguwa, leftin ya faɗi, ƙwaƙwalwa ta ɗauka fari ya zo, ta ƙara yunwa ta rage ƙona abinci. Wanda ya rage ƙiba ta dawo masa ba ragon mutum ba ne, jikinsa ne ke ja da shi, don haka a hankali ake bi, da canjin da za a iya riƙewa. Barci ma na ciki: a Jami'ar Shikago a 2004, samarin da aka bari suka yi barcin awa huɗu kacal na dare biyu, leftin ɗinsu ya faɗi da kusan kashi 18 cikin ɗari, sha'awar kayan zaƙi ta tashi. Masu azumi, na Ramadan ko na Lent, su lura da abin da ake tarawa a faranti bayan shan ruwa.

Awon da ya fi amfani a nan tef ɗin tela ne. Ƙugun da ya wuce rabin tsawon mutum, ko ya haura santimita 80 ga mace da 94 ga namiji, alama ce ta a je a auna jini da suga. Ga yaro ɗan wata shida zuwa shekara biyar kuwa, damtsen da bai kai santimita 11.5 ba tamowa ce mai tsanani, a kai shi asibiti a ranar, kada a jira gudawa ta fara.

A 2025 gwamnatin tarayya ta amince da mayar da asibitin tunawa da Sir Patrick Yakowa na Kafanchan Cibiyar Lafiya ta Tarayya, ga kuma kwalejin koyon aikin jinya da ungozoma a garin. Abin da ya kamata a nema daga gare su shi ne ɗakin duba masu suga da hawan jini da ciwon gaɓɓai a wuri ɗaya, da masanin cima da ya san acca da gwaza da farashinsu a kasuwa, da ɗaliban jinya da za su riƙa fita ƙananan asibitocin Godogodo, Kwoi, Manchok da Gidan Waya da tef biyu a aljihu, ɗaya na ƙugun uwa, ɗaya na damtsen ɗanta.